Wayar wa ke kashe mana rauta?

Duk gidan da aka sa rautar intanet akwai wanda ake ɗora wa laifi idan ta tsaya, kuma galibi shi ne ƙarami a gidan, ko wanda ya sayi waya a ƙarshe. Ku da kuke sakandare kun fi kowa sanin wannan, don ku ne masu shan faɗan. "Tun da yaron nan ya shigo da wayarsa abin ya daina aiki." Mu da muka ɗan riga ku shiga jami'a mun ji maganar a gida, muka zo gidan hayar da mu bakwai muka yi karo-karo muka sayi rauta ɗaya, nan ma muka tarar da ita. Maganar tana da ƙanshin gaskiya. Waya ɗaya tana iya durƙusar da rauta, an ma taɓa gani. Sai dai yadda abin ke faruwa ya sha bamban da yadda ake faɗarsa a tsakar gida.

Rauta 'yar kwamfuta ce, kuma talaka ce a cikin kwamfutoci. Wayar da ke hannunku tana iya samun ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 3 ko 4, amma rauta mai araha ba ta wuce megabait 64 ko 128. Da wannan 'yar ƙwaƙwalwa take aiki irin na ɗan kamasho a tasha: duk wayar da ta shigo ta ba ta lamba, ta rubuta wa ya aika me zuwa ina, in amsa ta dawo ta san hannun da za ta miƙa wa. Littafin da take rubutu a ciki yana da iyaka. Ƙananan MiFi ɗin da ake sawa a aljihu da yawansu na'ura goma suke ɗauka, wasu sha shida. Idan saƙonni suka zo mata da saurin da ya fi ƙarfinta, rauta mai kyau tana zubar da rarar ta ci gaba da aiki. Wadda ba a tsara da kyau ba sai ta sandare, ko ta kashe kanta ta sake tashi.

Abin da ya faru ke nan a watan Janairun 2018. Mutane a Amurka da wasu ƙasashe suka riƙa kukan cewa intanet ɗin gidansu na yankewa haka kawai. An fara zargin lasifikar Google Home Max da rautar TP-Link mai suna Archer C7, daga baya masu rautar Linksys da Netgear da Asus su ma suka ce abin na samunsu. Kamfanin TP-Link ne ya fito da bayanin da ya warware zancen. A wayoyin Android akwai tsarin da ke neman na'urori irin su Chromecast, wadda ake maƙalawa a talabijin don a tura mata bidiyo daga waya. Wayar kan yi ɗan kira a cikin gida, kamar mai tambayar ko akwai talabijin a kusa, kusan duk bayan daƙiƙa 20. Kiran ba shi da nauyi. Matsalar ita ce idan wayar ta yi barci, kiraye-kirayen sai su taru, tana farkawa ta sako su gaba ɗaya. TP-Link ya ce a wasu lokuta sukan haura 100,000 cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma iya daɗewar barcin iya yawansu.

Ku duba wanda zai sha zargi a nan. Mutum ya ajiye wayarsa tun dare, bai taɓa komai ba, da safe ya danna don ya ga ƙarfe nawa, intanet ɗin gida ya mutu. Duk wanda ke kallo zai rantse shi ne. Google ya amsa cewa kuskuren daga manhajarsa yake, ya fara tura gyara ranar 18 ga Janairu ta hanyar Google Play services, masu ƙera rauta su ma suka fitar da nasu gyaran.

Akwai kuma labarin da ya ƙare a ɗaya gefen. An fara sayar da iPhone ranar 29 ga Yunin 2007. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Yuli, Jami'ar Duke da ke jihar North Carolina ta ga na'urorinta na rarraba intanet suna ɗaukewa na wasu mintuna, jami'anta suka nuna sabuwar wayar da yatsa, jaridu suka ɗauka. Ba a yi kwana nawa ba bincike ya nuna matsalar tana cikin kayan kamfanin Cisco da jami'ar ke amfani da su, aka gyara ta can. Baƙo ne ya sha zargin, kamar yadda aka saba. A ganinmu ko a labarin 2018 rautar ba ta fita fes ba. Na'urar da aikinta shi ne karɓar baƙi bai kamata baƙo ɗaya mai surutu ya sumar da ita ba.

A gidajenmu kuwa, abin da muka fi gani ya fi waɗannan sauƙi. Waya tana ɗaukan wayifai a matsayin ruwan rijiya, na banza, don haka take ɓoye manyan ayyukanta sai ta same shi. Tana shiga sai ta fara sabunta manhajoji, ta kwashe hotuna da bidiyo ta tura ma'ajiyar intanet, ta sauke duk abin da aka zuba a zaurukan WhatsApp. Turawar ita ce mugun abu, domin hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci a yawancin layuka, kuma idan ta cushe har buɗe shafi ɗaya sai ya gagari kowa. Rautar tana raye, fitilunta na ci, amma ba a motsi. A gidan hayarmu hakan ta faru daren da ake rufe rajistar kwasa-kwasai. Ɗaya daga cikinmu ya dawo daga bikin yayarsa da bidiyo cike da waya, ya jona caji ya kwanta. Mu shida muna zaune shafin rajista na ta juyawa, ga tarar makara tana jiran duk wanda sha biyu ta buga bai gama ba. Sai da muka kashe wayifai a kowace waya, muka riƙa maido su ɗaya bayan ɗaya, muna ba kowace minti biyu, kafin muka gano ta mai barcin ce. Shi kansa bai san wayarsa na aika komai ba.

Wannan gwajin muka kai gida da hutu. Ƙaninmu yana aji shida, yana gwajin tambayoyin JAMB a waya, kuma Baba ya karɓe wayar mako guda saboda an ce ita ke kashe intanet. Mako guda ba wasa ba ne ga wanda jarrabawa ta rage masa wata ɗaya. Muka ce, "Baba, a ba mu izini mu gwada a gabanka." Aka maido wayoyi ɗaya-ɗaya, ta yaron ta shiga lafiya, ta kowa ma ta shiga lafiya. Da azahar abin ya sake mutuwa alhali wayar yaron na aljihun Baba a kashe. Rautar tana kan taga ne, inda rana ke dukanta a watan Afrilu, in ka taɓa ta kamar murfin tukunya. Aka matsar da ita inuwa, kan kabad. Baba bai ce komai ba, bayan la'asar dai ya kira yaron ya miƙa masa wayarsa.

Dawowar wuta ma tana da nata. Idan an kawo wuta rauta tana buƙatar minti ɗaya ko biyu ta kimtsa, a daidai lokacin kuma duk wayoyin gidan ke rububin shiga, kowace da ayyukan da ta tara. A ɗan ba ta lokaci kafin a fara ihu.

Abubuwan da za ku iya yi da hannunku ba su da yawa, amma suna aiki. A saitin wayifai na waya akwai wurin da ake shaida mata cewa wannan layin na awo ne, kamar mitar wuta, daga nan sai ta rage manyan ayyukan da take yi a ɓoye. Ku hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, datar gidan ma za ta fi auki. Ku riƙa karɓar sabuntawar waya idan ta zo, tunda ta nan gyaran 2018 ya iso ga mutane. A ƙarƙashin rauta ko cikin murfin MiFi akwai takarda mai ɗauke da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. In aka rubuta shi a burauza ana ganin jerin na'urorin da ke ciki, wasu rautocin har da yawan abin da kowace ke ci. Idan kun ga baƙuwar lamba a jerin kada ku yi saurin zargin maƙwabci. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi kan nuna wa rauta lambar aro maimakon tasu ta asali, don kada a riƙa bin sawun mai su, saboda haka baƙuwar tana iya zama ta Umma.

Sai ɗan ramin nan da ke bayan rauta, wanda ake zura allura a ciki. Kashe rauta a kunna ba ya ɓata komai. Ramin kuwa goge duk saitin yake yi, har da kalmar sirrin da aka sa, wani lokacin har da bayanan da kamfanin intanet ya shigar ranar da aka haɗa layin. Kada ku taɓa shi sai wanda ke biyan kuɗin data yana tsaye a wurin kuma ya ce a taɓa.