Kaskon Kare a Ƙasar da Ba a Zubar da Dusa

In ka bar Kano ka nufi Gezawa, ka karkata arewa wajen Minjibir, idonka zai yi ta neman daji bai samu ba. Gona ce ke bin gona, iyakarsu ɗan layin ciyawa ko na lalle, kuma kowace kuka, kowane gawo, kowace ɗorawa da ke tsaye a tsakiyar fili tana da mai ita. Wannan ce ƙasar da Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarinta tun shekarun 1960, yana mamakin yadda ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu amma ba ta mutu ba. Amsar tana turke. Da damina akan ɗaure awaki da tumaki a gida, a kawo musu ciyawa, su kuma su biya da taki, jaki ya kai shi gona a mangala. Karan dawa ya zama danga ko makamashi, harawar wake da ta gyaɗa a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki, a adana wa rani.

Na zo ne bayan kaka, rakiyar wani aboki mai sayen wake. Amma tun daren farko, da na ji haushi yana tashi daga wannan gida wancan yana amsawa, tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai: a inda kowane tsinke yake da amfani, me ya rage wa kare?

A gidana a Kaduna akwai karen gadi irin na Turawa. Abincinsa na buhu ne, a auna da kofi safe da yamma, kashinsa kuma ɗan kaɗan, mai duhu, a dunƙule, a lokacin da aka saba. Da wannan ma'auni na iso. Sai na tarar a nan ragowar tuwon dare ɗumame ne na safe, ƙanzo a jiƙa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli mutane su ci, abin da ya saura almajiri ya karɓa, dusa ta awaki ce, ƙasarin da aka wanke gero da shi tumaki ke sha. Bolar ƙauyen toka ce da leda, ba ka ganin ko lomar tuwo a cikinta.

Mai masaukina ya kai ni wajen maƙwabcinsa, wani dattijo mafarauci. Karnukansa jajaye ne, gashi a kwance, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu amma idonsu tar. Da la'asar sakaliya na same shi a tsugune gaban wata tsohuwar tukunya mai tsagaggen baki. Ruwa ya tafasa, ya zuba dusar gero, ya ƙara garin dawa cikin tafin hannu biyu, ya jefa ɗan gutsuren kanwa, ya yi ta juyawa da kara har abin ya yi kauri. Ya sauke, ya marmasa ƙanzon da ya ƙone da yawa har yara suka ƙi, ya tsiyaya tsala daga ƙwarya, sannan ya bar shi ya huce. Sai da ya tsoma yatsa ya ji babu zafi ya raba a kasake, kowane kare da nasa, ya tsaya da sanda a hannu don kada babba ya ƙwace na ƙarami.

Na ce, "Baba, ba nama ke nan?"

Ya ce, "Malam, nama yana daji. In sun kamo sun ci."

Na daɗe ina kallon wannan kasko. A zatona kare ɗan uwan kerkeci ne, nama ne haƙƙinsa, tuwo kuwa maleji ne na talaka. Amma binciken da masana na Jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin suka fitar a 2013 ya nuna inda kare ya rabu da ɗan uwansa. Akwai wata ƙwayar gado da ke sa jiki ya samar da sinadarin narkar da sitaci; kerkeci yana da kwafi 2 nata, karnukan da suka duba kuwa daga 4 har zuwa 30. Wato zaman dubban shekaru a gefen murhun manomi ya sauya cikin kare. Sai dai da sharaɗi. Kare ba ya tauna kamar mu, yawunsa ba ya fara narkar da hatsi a baki, hanjinsa kuma gajere ne. Dafaffen sitaci yana narke masa sarai, ɗanye kuwa ya fi wuyar narkewa. Dattijon bai taɓa jin sunan Uppsala ba, amma ba ya ba karensa ɗanyen gari, kuma ba ya ba shi nonon da aka tatso yanzu. Ya ce yana sa su zawo. Haka ne: babban kare ba ya iya narkar da yawan zaƙin da ke cikin madara, tsami kuma yana rage shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki da asuba ya faru. Bayan an idar da salla dattijon ya ɗauki kara ya zagaya bayan danga, inda karnukan ke kewayawa, ni ma na bi shi cikin sanyin hunturu. Ya tsaya kan kowane kashi, ya juya shi da bakin kara. Wannan mai yawa, launin ƙasa-ƙasa, mai laushi amma bai watse ba, na dusa ne, lafiya lau. Dusa ba ta narkewa duka, tana riƙe ruwa, shi ya sa karensa ke fita sau da yawa fiye da nawa, kuma abin da yake fitarwa ya ninka. Wancan fari fat, busasshe, yana marmashewa kamar alli, na wanda ya samu ƙashi jiya ne a wani wuri. Ya ce in ƙashi ya yi yawa kare sai ya yi ta yunƙuri yana kuka ba abin da ke fita, ranar sai ya ƙara masa dusa da ruwa, ya ɗiga man gyaɗa. A wani kuma ya nuna mini ƙwayoyin dawa ɗai-ɗai, ba ko ɗaya da ta fashe. Ya kaɗa kai ya ce wannan ya shiga shanyar wani, kuma za a kawo ƙara. Wanda yake tsoro shi ne baƙi ƙirin mai danƙo da ƙarni, don ya san jini ne, kuma ba kasko ne ya jawo shi ba. Likitocin dabbobi sun san masu jawo shi: tsutsar da ke maƙale wa hanji tana shan jini, ko cutar nan ta zawon jini da amai mai kashe ƴan kwikwiyo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978 kuma allurar rigakafi ce ke tare ta.

Ni da nake biyan yaro ya share bayan gidana kullum, na tambayi kaina yaushe rabon da na tsaya na duba da idona. Buhu ya ɗauke mini wahalar dafawa, ya kuma ɗauke mini dalilin lura.

Cikin kare a wannan ƙasa rumbu yake bi. Da kaka ana surfe a kowane gida, dusa ta wadata, wake ya shigo, karnuka su yi ƙiba. Da rani ake farauta, kuma da yake nan babu daji sai mafarauta su haɗu ƙungiya su yi nisa, su dawo da zomo, gafiya, bushiya, wani lokaci zabon daji. Dattijon ya ce ranar fita ba ya cika wa karnukansa ciki, sai sun dawo sun huta. Ƙarfin da za su yi gudu da shi tun makonni aka zuba shi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wahala tana zuwa ne daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aka koma auno masara a kasuwa, dusa ta yi tsada saboda masu kiwo. A nan ne karen da ba shi da mai kula yake komawa kan mushe da bayan gidan yara. Ba a nan kaɗai ba ne. Binciken da aka yi kan karnukan karkarar Zimbabwe, wanda ya fito a 2002, ya tarar tuwon masara da mushe da bayan gidan mutane su ne ginshiƙin abincinsu.

Tuwon masara zalla yana da nasa haɗarin. A shekarun 1920 likita Joseph Goldberger a Amurka ya ciyar da karnuka irin abincin talakawan kudancin ƙasar, wanda masara ta fi yawa a cikinsa, sai bakinsu ya yi gyambo, yawu yana dalala, zawo ya biyo baya. A 1937 Conrad Elvehjem na Jami'ar Wisconsin ya gano sinadarin da ya yi ƙaranci, wanda yau ake kira bitamin B3, kuma daga hanta ya ciro shi. Ɗan wake, ɗan ƙuli-ƙuli, kan kifi daga masuntan dam ɗin Wasai, su ne ke tsare karen ƙauye daga wannan. Amma gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, waɗanda aka tsince aka ce a ba dabba, suna iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma kare yana cikin dabbobin da ba sa jure ta. Buhu ma bai tsira ba: daga ƙarshen 2020 zuwa 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta samu rahoton mutuwar karnuka sama da 100 da suka ci abincin kamfani da aka haɗa da irin wannan masara.

Na tambayi dattijon wane lokaci ne karnuka suka fi lalacewar ciki, ina jiran ya ce damina. Sai ya ce Babbar Salla. Karen da ya yi watanni kan dusa, rana ɗaya ya samu kitse da jini da tumbi a ƙofar kowane gida, kwana biyu sai gudawa ta ko'ina, wani har da amai. Dalilin a fili yake. Ƙananan halittun da ke zaune cikin hanji, da sinadaran narkarwa, sun saba da abinci guda. In aka sauya musu farat ɗaya, abin da bai narke ba sai ya ja ruwa ya ruɓe a ciki. Shi ya sa likitoci ke cewa a yi sauyin abinci a hankali cikin kamar mako guda, ana gauraya sabo da tsoho. Na tuna yadda a birni muke juye wa kare ragowar abincin biki, shinkafa mai maiƙo da yaji da albasa, muna ganin gata muka yi masa, alhali albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jininsa.

Wuri ɗaya ne ban yarda da dattijon ba, kuma na faɗa masa da ladabi. Ladan kare in ya yi kamu shi ne a farke cikin dabbar a jefa masa kayan ciki ɗanye, haka kuma huhu ko hantar da aka ga ƙullutu mai ruwa a jikinta ranar yanka. Wannan ƙullutun gidan tsutsa ne. Kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta sa shi zawo, kara ba zai nuna ta ba. Ƙwanta ne ke fita cikin kashi, tunkiya ta kwasa tare da harawa, yaro ya kwasa a hannu, shekaru bayan nan ƙullutu ya tsiro a hantarsa ko huhunsa, wani lokaci sai an yi tiyata. Masu bincike sun daɗe da samun irinsa a jikin raƙuma da sauran dabbobin da ake yankawa a mayankar Kano da ta Sakkwato. A ƙasar da babu tazara tsakanin gida da gona, inda akuya da yaro da kare suke taka fili ɗaya, hanyar daga kashi zuwa baki gajeriya ce. Ƙasar New Zealand, mai tumaki miliyoyi, ta yaƙi cutar ta hanyar hana ba karnuka ɗanyen kayan ciki da kuma ba su maganin tsutsa a kai a kai, har a 2002 aka bayyana ta rabu da ita.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To Malam, tukunya dai tana kan wuta kullum, jefa huhu a ciki ba wuya. Amma nawa kaɗai nake iya tsarewa."

Na ga abin da yake nufi ranar kasuwar Gezawa. A layin mahauta wani saurayi yana gyaran hantar tunkiya, ya ci karo da ƙullutun, ya zagaye shi da wuƙa tsaf don kada mai saye ya gani ya fasa, ya wurga shi ta bayan rumfa. Karnuka uku da ba wanda ya san masu su suna kwance a wurin tun safe, kuma yankin bai kai ƙasa ba ɗaya ya cafe.