Daga Malmo Zuwa Upsala a Bakin Sitiyari

Da yake 'yan'uwa da dama sun aiko mini da tambaya tun da na komo daga ƙasar Suwidin, wasu suna neman sanin ko ya dace baƙo mai yawon buɗe ido ya ɗauki motar haya ya tuƙa da kansa, wasu kuwa suna so a ba su labarin biranen da aka ratsa, sai na ga ya fi kyau in haɗa amsoshin wuri guda, domin a ganina tambayoyin nan biyu asalinsu ɗaya ne. Mutum yana iya sauka daga jirgin sama ya shiga jirgin ƙasa, ya kalli fadojin sarakuna da dogayen majami'u har ya ƙoshi. Amma ɗabi'ar jama'ar ƙasar, da irin darajar da hukumarsu ta ba ran ɗan Adam, babu inda na gan su a sarari irin yadda na gan su a kan kwalta.

Mafarin tafiyar Kopenhagen ne, babban birnin Danmak. Daga nan hanya ta nutse ƙarƙashin teku wajen kilomita 4, ta ɓullo a wani tsibiri da mutane suka cike da hannunsu, sannan ta hau gadar Oresund mai tsawon kusan kilomita 8, wadda aka buɗe a shekarar 2000, ta sauke mu a Malmo. Birni ne na bakin ruwa wanda Musulmi suka yawaita a cikinsa, daga Iraƙi da Sham da Somaliya da Bosniya, saboda haka naman halal da wurin salla ba su yi wa matafiyi wuya. Daga Malmo zuwa Istokholm akwai tafiyar kilomita 600 da ɗoriya, mafi yawanta a kan babbar hanyar da suke kira E4.

Abu na farko da zai kwantar wa direbanmu da hankali shi ne mutanen Suwidin hannun dama suke bi, kamar yadda muke bi a Nijeriya da Nijar. Sai dai ba haka suka taso ba. Tun zamanin keken doki hagu suke bi, alhali maƙwabtansu na Norwe da Finlan suna bin dama, kuma yawancin motocinsu sitiyarinsu a hagu yake, wanda ya sa direba ba ya hangen abin da ke tahowa idan zai wuce wata mota. A shekarar 1955 aka tambayi ra'ayin jama'a, fiye da kashi 80 cikin ɗari suka ce a bar su a kan al'adarsu. Duk da haka majalisa ta zartar da sauyin a 1963, aka shafe shekara huɗu ana shiri, ana gyara mahaɗun hanyoyi da ƙofofin motocin safa, har zuwa asubar Lahadi 3 ga Satumba 1967, lokacin da kowace mota da ke kan titi ta tsaya cak da ƙarfe biyar saura minti goma, ta koma hannun dama a hankali, ta jira ƙarfe biyar ta cika kafin ta ci gaba. Dattawanmu za su tuna cewa Nijeriya ta yi irin wannan sauyi a watan Afrilu na 1972, bisa dalili mai kama da wannan, wato dacewa da maƙwabta.

Amma abin da na fi so in tsaya a kansa shi ne wata ƙa'ida da majalisar ƙasar ta amince da ita a shekarar 1997, wadda ma'anarta ita ce kada hanya ta kashe kowa, kada kuma ta nakasa kowa. Wanda ya ji wannan da farko zai ce buri ne irin na masu siyasa, domin ajali ba a hannun majalisa yake ba, kuma gaskiya ne ba a hannunta yake ba. To amma in an dubi tushen maganar sai a ga akwai hikima a cikinta, domin masu ita sun gina ta ne a kan yarda cewa ɗan Adam ajizi ne, zai yi gyangyaɗi, zai sha'afa, zai yi kuskuren lissafin tazara komai ƙwarewarsa; tun da kuwa haka ne, wajibi ne a kan wanda ya zana hanya ya zana ta yadda kuskuren direba zai ƙare a gareji ko a asibiti, maimakon ya ƙare a maƙabarta. Daga nan suka auna abin da jikin mutum yake iya jurewa. Inda mota take cuɗanya da masu tafiya a ƙasa, kamar ƙofar makaranta da lungunan unguwa, gudu ya tsaya a kilomita 30, saboda wanda aka buge a wannan gudu galibi yakan rayu. Inda hanyoyi suka gitta juna sai suka yawaita shataletale, domin karon da ake yi a shataletale gogayya ce ta gefe, ba ta kai muni irin ta wanda ya keta danja ba. A hanyoyin larduna kuwa, inda kuɗin tagwayen hanya ba zai samu ba, sai suka raba titi layi uku, biyu ga masu zuwa ɗaya ga masu komowa, bayan 'yan kilomitoci a juya rabon, aka kuma miƙa igiyoyin ƙarfe a tsakiya a kan gajerun turaka. Na bi irin wannan hanya a bayan wata babbar mota mai ɗauke da gumaguman itace, ba damar wucewa ko da zuciya ta raya, sai ga allo yana sanar da cewa layi na biyu yana nan gaba kaɗan. Da muka isa na wuce shi cikin natsuwa, ba tare da na leƙa hannun kowa ba. Wanda ya taɓa rasa ɗan'uwa a karon gaba da gaba ya san abin da waɗannan igiyoyi suke tsarewa.

A tsakiyar shekarun 1960 mutum sama da 1,300 suke mutuwa a hanyoyin Suwidin kowace shekara. A 'yan shekarun nan, tare da cewa motoci sun ninka kuma jama'a sun haura miliyan 10, adadin yana tsakanin 200 da 300. Malaman usulu sun lissafa kiyaye rai a cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, sun kuma karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Na sha jin wannan a zaure gaban malam, amma sai da na je ƙasar da yawancin mutanenta ba su damu da addini ba na gan shi an zuba shi da kankare da ƙarfe, kuma wallahi abin ya taɓa mini zuciya. Ko bel ɗin nan da muke ɗaurawa a kafaɗa da ƙugu, wani injiniyan kamfanin Volvo ne mai suna Nils Bohlin ya ƙago shi a 1959, kamfanin kuwa ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi.

Da aka wuce Jönköping sai hanya ta hau tudu ta bi gefen tafkin Vättern, kuma a nan ne tafiyar ta fi kyau. Akwai wurin hutawa kusa da kangon wani tsohon gidan sarauta da ake kira Brahehus, inda ake hango ruwa shimfiɗe har iyakar gani, da tsibiri kwance a tsakiyarsa. A nan na yi alwala da ruwan gora mai sanyi, na shimfiɗa darduma a kan ciyawa na yi sallar ƙasaru, masu wucewa kuwa ba wanda ya tsaya kallo. Matafiyi na bazara ya lura da sha'anin lokaci, domin a watan Yuni rana tana fitowa a Istokholm wajen ƙarfe uku da rabi na dare, ba ta faɗuwa sai bayan goma, shafaƙi kuma ba ya ɓacewa sarai, saboda haka lokacin lisha da asuba sai an nemi jadawalin masallacin garin, wanda malamansu suka tsara bisa ƙaddarawa. Wannan tsawon yini yana da haɗari ga direba, domin ido yana ganin hantsi alhali jiki ya riga ya gaji. Fitilar mota a kunne take dare da rana, doka ce tun 1977. Allon gefen hanya mai hoton dabba kuwa a ɗauke shi da gaske: wata dabbar dawa ce mai dogayen ƙafafu da ta fi gwanki girma, namijinta yakan kai kilo 400, takan tsallaka titi da almuru ko da sassafe, kuma wanda ya buge ta wajibi ne ya kira 'yan sanda a lamba 112.

Istokholm kuwa, gaskiyar magana, mota a cikinta nauyi ce. An gina birnin a kan tsibirai 14, tsohon gari lungunansa na dutse ne ƙuntatattu, kuma tun 2007 duk motar da ta shiga tsakiyar birni ko ta fita a ranakun aiki sai na'ura ta ɗauki lambarta an rubuta mata harajin cunkoso, wanda kamfanin haya zai cire daga katinka daga baya. Wurin ajiye mota yana da tsada, allunansa kuma suna da sharuɗɗa na awoyi da na ranar shara waɗanda baƙo ba ya ganewa da kallo ɗaya. Mai tafiya a ƙasa in ya nufo zanen tsallakawa dole ka tsaya masa, mai keke kuma yana da layinsa a damanka, sai ka waiwaya kafin ka karya kwana. Na ga wata tsohuwa mai tura keken dogarawa ta sa ƙafa a kan titi ba ta ko dubi motar safa da ke tahowa ba, direban ya tsaya nesa da ita, ya jira har ta hau ɗaya gefen. Abin da ya fi shi ne a ajiye mota a masauki, a shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Wuri biyu na fi ba da shawarar a ziyarta. Na farko gidan da aka ajiye jirgin ruwan yaƙi mai suna Vasa, wanda ya nutse a 1628 a tafiyarsa ta farko, tun bai fita daga tashar birnin ba, saboda an cika masa nauyi a sama da igwa da sassaƙa, ƙasansa kuwa bai da isasshen faɗi. An gwada shi kafin tashi an ga yana tangaɗi, amma sarki yana gaggawa, ba a sami mai tsayar da tafiyar ba. A 1961 aka tsamo shi kusan cikakke, yana nan tsaye baƙi wuluk, tsayinsa ya kai bene mai hawa da yawa. Na biyu gidan tarihin ƙasa, inda za ka ga dirhamomin azurfa na zamanin Abbasiyawa da Samaniyawa, da rubutun Kufi a jikinsu, waɗanda fataken arewa suka kawo ta kogunan Rasha fiye da shekara dubu da suka wuce. A tsibirin Gotland kaɗai an tono wata taska a 1999 mai tsabar kuɗi wajen 14,000, mafi yawansu na ƙasashen Musulmi. In Juma'a ta riske ka, babban masallacin birnin yana unguwar Södermalm, a cikin wata tsohuwar tashar lantarki da aka mayar masallaci a shekarar 2000. Upsala kuwa tafiyar awa guda ce daga Istokholm zuwa arewa, garin ɗalibai ne mai natsuwa, jami'arsa tun 1477 take.

Ba zan ɓoye cewa ƙasar tana da tsada ba, daga mai har abinci, kuma tsabar kuɗi ta kusa daina aiki, kati ake karɓa ko a gidan mai. Mutanenta ba su da yawan gaisuwa, wanda ya saba da hirar tasha zai ji kewa. Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba kada ya fara koyo a can da hunturu, ya bari sai tsakanin Mayu da Satumba. Ya tafi da lasin ɗinsa tare da lasin na ƙasa da ƙasa, ya karanta sharuɗɗan inshora kafin ya sa hannu, ya kuma tuna cewa wanda ya shiga ƙasar mutane da biza alkawari ya ɗauka na bin dokokinsu, cika alkawari kuwa wajibi ne a kanmu ko da na'urar ɗaukar hoto ba ta gani. Ga 'yan'uwa injiniyoyi da ma'aikatan hanya da ke karanta wannan, ina roƙonku in Allah ya kai ku Suwidin ku keɓe yini guda ku bi ɗaya daga hanyoyin nan masu igiya a tsakiya, ku auna faɗinta, ku tambayi kuɗinta. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Wassalam.