Goshin Kalma

Mu da shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya kwaso daga makarantar allo da gonakin gero ya zuba a aji, lokacin Gagarawa na cikin Jihar Kano, Turanci dodo ne a wurinmu. Ƙamus ɗaya gare mu a aji shida, na Michael West, bangonsa ya daɗe da tafiya, an ɗinke gindinsa da zaren buhu. Sai da na girma na san tun 1935 aka fara buga shi, kuma an bayyana duk kalmomin cikinsa da kalmomi 1,490 kacal saboda ɗalibai irinmu.

Malaminmu na Turanci, Allah ya jiƙansa, bai yarda da hadda ba. Yakan ce kalmomi ma aska gare su, in ka dubi fuska da kyau za ka san gidan da suka fito. Ya fara da abin da muka sani: manomi, maƙeri, mabuɗi, masallaci. Duk da ma- suka fara, abin da masana Hausa ke kira ɗafa-goshi. "To, Bature ma yana da nasa," in ji shi.

Ranar da ya rubuta tele- a allo, ya ce daga Girkanci take kuma nesa take nufi, ajin ya yi tsit. Ashe tarho da talabijin da wayar tangaraho da kakanninmu ke faɗi duk gida ɗaya suke: jin magana daga nesa, kallo daga nesa, aika rubutu nesa. Washegari aka shiga trans-, wato ƙetarewa. Transport ya ƙetare da kaya, translate ya ƙetare da zance daga wannan harshe zuwa wancan, transfer kuwa ita ce ke ɗauke ma'aikaci daga Gumel ta kai shi Sule Tankarkar. Export da import bai sha wuya a kansu ba, don kowa ya san abin da ke fita da abin da ke shigowa ta kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Abin da ya fi zama a raina shi ne gargaɗinsa. Ya koya mana in- na kore ma'ana: invisible abin da ba a gani, incorrect abin da ba daidai ba. Sai ya tambaye mu me aka rubuta da jan fenti a jikin tankokin man da ke bin hanyar Gumel. Muka ce inflammable. Wani ya yi wuf ya ce ai ba ya kamawa da wuta ke nan. Malam ya ajiye alli, fuskarsa ta canza. Ya ce wannan in- ɗin dabam ce, ma'anar kalmar kuwa yana saurin kamawa, kada ɗayanmu ya kuskura ya matso da ashana. Daga nan ya sa doka: goshi ya nuna maka hanya, amma ƙamus ne alƙali.

Yau 'ya'yanmu na da ƙamus cikin waya, suna latsawa su ga ma'ana, gobe su manta, domin ba a nuna masu dangantakar kalmomin ba. Malaman firamare na Gagarawa da kewaye, don Allah ku ware ko minti goma a mako ku koya wa yaran nan karanta goshin kalma.