Wasiƙa Daga Ingila: Jirgin Da Ba Shi Da Matuƙi

Zuwa ga Hamma, a Jimeta.

 Maƙasudin wannan takarda shi ne in ba ka labarin wata sana'ar hannu da na tarar a ƙasar nan, wadda tun da na sa kaina cikinta zuciyata ba ta daina komawa kan yaran makarantarku ba.

Kusa da garin Bedford, inda nake zaune, akwai wani ƙauye da ake kira Old Warden, wanda ke da filin jirgi na ciyawa da taskar tsofaffin jiragen sama ta Shuttleworth, inda har yau ake adana wani jirgin Blériot na shekarar 1909 mai iya tashi. A wasu ranakun hutu na lokacin zafi, dattawa masu furfura da jikokinsu sukan hallara a filin nan da ƙananan jirage waɗanda suka ƙera da hannuwansu, kuma ko da yake akwai masu sarrafa nasu da na'ura daga ƙasa, waɗanda suka ɗauki hankalina su ne masu sakin jirgi ya tafi shi kaɗai, babu igiya, babu waya, babu mai juya shi da zarar ya bar tafin mai shi.

Wani maƙwabcina, tsohon kafinta, shi ya zama malamina. Ya zaɓa mini wani fasali da ake kira Tomboy, wanda Vic Smeed ya zana aka buga a mujallar Aeromodeller a 1950, mai faɗin fukafukai inci 36. Da icen balsa ake yinsa, wanda galibinsa daga ƙasar Ikwado yake zuwa, ice ne mara nauyi har mutum ya yi tsammanin babu kome a hannunsa. Ana shimfiɗa zanen a kan allo, a yanka haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya da reza, a kafe su da allurai, a liƙa da gam, sa'an nan a lulluɓe ƙashin da takarda shara-shara, a yayyafa mata ruwa ta ɗame, a shafe ta da wani shafi mai wari wanda ke hana iska ratsa ta. Injin kuwa, wanda ake kira Mills, bai wuce babban yatsa ba, ba shi da fulogi, matsi kaɗai ke kunna mansa, man kuma haɗi ne na kananzir da man zurma da ruwan nan da likitocin zamanin da suke sa majiyyaci barci da shi.

Amma duk wannan sharar fage ne, domin hikimar tana wajen daidaitawa. Tun da babu wanda zai gyara wa jirgin hanya a sama, wajibi ne maƙerinsa ya hango kowace karkata da iska za ta jawo, ya dasa maganinta a cikin jikin jirgin tun yana ƙasa. Saboda haka ake ɗaga bakin fukafukai sama kaɗan, ta yadda in ya kwanta gefe guda, fiffiken da ya yi ƙasa zai fi samun ɗauki ya mayar da shi daidai. Ana kuma ɗora shi a kan yatsu biyu a nemi mizaninsa wajen sulusin faɗin fiffike daga gaba. Ana sunkuyar da inji ƙasa kaɗan da gefe kaɗan, don kada ƙarfin farfela ya ɗaga masa hanci ko ya murɗe shi. Kafin a tayar da inji sai an cilla shi da hannu bisa doguwar ciyawa, in ya yi tsalle-tsalle a sa sillen ashana ƙarƙashin gaban jela, in ya nutsa a sa ƙarƙashin bayanta, kuma malamina ba ya yarda a canza abu biyu a lokaci guda, don kada a rasa sanin wanne ya yi aiki. Na tuna abin da al-Maƙƙari ya ruwaito game da Abbas bin Firnas na Ƙurɗuba, wanda ya yi wa kansa fukafukai a ƙarni na 9 ya tashi, amma ya ji ciwo wajen sauka saboda bai tanadi jela ba, Allah Ya jiƙansa. Matsalar da ta same shi ita ce dai muke fama da ita da sillen ashana.

Man da ake zuba wa jirgin na 'yan daƙiƙoƙi ne. Yakan hau yana kewayawa, injin ya mutu, shi kuma ya ci gaba da shawagi yana saukowa sannu a hankali, sai fa in ya gamu da iska mai zafi mai hawa sama, irin wadda shirwa ke hawa da azahar a saman kogin Binuwai, to, wannan kan ɗauke shi har ya ɓace wa gani. Don haka ake ɗaure jelar da zaren roba, a maƙala guntun lagwani mai ci a hankali, wanda in ya ƙone robar jela ta ɗage, jirgin ya sauko a kwance. Duk da haka kowa yakan rubuta sunansa da adireshinsa a jikin nasa, sauran kuma tawakkali.

Kada ka ɗauka wasan yara ne kurum, Hamma. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya saki ɗan jirgi mai murɗaɗɗiyar roba a lambun Tuileries na birnin Paris, ya yi kimanin mita 40 cikin daƙiƙa 11, ya tabbatar wa masana cewa jirgi na iya tsai da kansa a iska. Kuma abin wasa mai irin robarsa ne mahaifin 'yan'uwan nan Wright ya kawo musu gida a 1878, su da suka tashi da jirgi mai inji a 1903.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, yaranmu da ke ƙera motoci da kara da tukurwa da gwangwani, har da ƙofa mai buɗewa da sitiyari mai juyawa, hannunsu bai gaza na jikokin dattawan nan ba ko kaɗan, kuma kullum suna ganin jirgi na sauka a filin da ke bayan gidajensu, amma ba su sami wanda zai nuna musu inda mizanin fiffike yake ba. Man injin nan zai yi wuyar samu a Jimeta, saboda haka zan aiko maka da zanen jirgi mai roba, da robar, da takarda, da balsa kaɗan, ta hannun wanda zai zo gida da Sallah. Ina roƙonka ka jarraba cikin tukurwa a madadin balsa ka sanar da ni nauyinsa. Ku nemi fili a fadamar Geriyo bayan an gama girbi, nesa da hanyar manyan jirage, ku fita bayan sallar asuba kafin iskar hunturu ta taso.

A gaishe mini da Inna da Adda da yara duka. Wassalam.

Ƙaninka.