Wasiƙa daga Donegal: Gidajen da Ke Marmashewa

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya aiki, ya ɗawainiya? Mu ma nan lafiya lau, sai dai ruwan sama da ba ya jin kunyar kowa, safe da yamma.

A saƙonka na ƙarshe ka ce wani ya faɗa a majalisarku wai ginin Turawa ba ya tsagewa, kuma ka ce in ba ka labari na gaskiya tunda ina gani da idona. To Kawu, ka gaya masa ya zo Donegal. Wannan gunduma ce a ƙuryar arewa maso yammacin ƙasar Ayalan, inda iskar tekun Atlantika ke fara sauka. Da bulo suke gini kamar mu, sai dai bango biyu suke tayarwa, na ciki da na waje, su bar rata a tsakani su cusa abin tare sanyi, sannan su yi filasta. Idan ka bi hanyar da ta nufi yankin Inishowen za ka ga gidaje manya-manya, masu fili da ciyawa a gaba, waɗanda daga nesa sai ka ce masha Allah. Sai ka matso kusa ka ga bangon ya dare tun daga ƙasan taga har kusurwa, filasta ta kumbura tana zubowa, wasu ma an tokare su da katako.

Wani abokin aikina ya kai ni gidansa. Ya zagaya da ni baya, inda filastar ta ɓalle, ya ce in sa hannu. Na kama gefen bulon da yatsa biyu, sai ya taho mini a hannu, na murza shi kamar ina murza dakuwa. A cikin garin akwai wasu ƙananan abubuwa masu ƙyalli. Mutumin nan har yanzu yana biyan banki bashin gidan duk wata, kamfanin inshora ya ce ba ruwansa, kuma ko kyauta ya bayar da gidan ba mai karɓa. Ya ce mini daren da iska ta yi ƙarfi ba ya barin yara su kwana a ɗakin da ke wannan ɓangaren.

Abin da ya faru, kai da ka yi shekaru kana riƙe da cokalin gini za ka fi ni ganewa. Tsakuwar da aka haɗa bulon da ita ce ke da ciwo. Da farko an ɗora laifin a kan wani ma'adini mai ƙyalli da suke kira maika, wanda ke shan ruwa ya hana siminti kama jikin tsakuwa, idan sanyi ya daskarar da ruwan sai bulon ya fashe. Kwamitin masana da gwamnati ta kafa ya fitar da rahoto a 2017, ya ce gidajen da abin ya shafa a Donegal za su iya kaiwa 4,800. Daga baya masu bincike suka ce babban mai laifin wani ma'adini ne daban, haɗin ƙarfe da farar wuta, wanda idan ya sami ruwa da iska sai ya yi tsatsa ya riƙa cin simintin daga ciki. Kada ka ce gardamar malamai ce kawai. Idan sanyi ne ke fasa bulo, sai a sauke bangon waje a sake shi, a huta. Idan kuwa bulon da kansa ke cin kansa, to bangon ciki ma yana kan hanya, kuma gyaran waje kwalliya ce. Shi ya sa ake ta rigima a nan: injiniyan mai gida ya ce a rushe gaba ɗaya, hukuma ta ce a'a, gyara ya isa.

Yawancin gidajen nan an gina su ne a shekarun da kuɗi ya yi ambaliya a ƙasar, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2008 da komai ya rushe. A 2006 kaɗai an kammala gidaje sama da 90,000, a ƙasar da mutanenta a lokacin ba su kai miliyan huɗu da rabi ba. Tsarin kuwa a lokacin shi ne mai gini da mai zane su sa hannu cewa sun bi ƙa'ida, shi ke nan. Abin da aka ɗora wa ƙananan hukumomi su duba bai wuce kashi 12 zuwa 15 cikin 100 na sababbin gine-gine ba. Sai a 2014 aka tsaurara dokar, bayan aikin gama ya gama. Ba ma ƙauyuka kaɗai ba: a 2011 kotu ta sa aka kwashe mazauna rukunin gidajen Priory Hall a Dublin saboda tsoron gobara, kuma wani rahoton 2022 ya ce tsakanin kashi 50 zuwa 80 cikin 100 na gidajen bene masu ɗakuna-ɗakuna da aka gina daga 1991 zuwa 2013 suna iya kasancewa da aibi, ko na kariyar wuta, ko na yoyo, ko na ƙarfin ginin.

Abin da ya burge ni shi ne mutanen ba su zauna suna jiran tsammani ba. A 2020 gwamnati ta ce za ta biya kashi 90 cikin 100 na kuɗin gyara. Suka ce ba su yarda ba, laifin me suka yi da za su biya sauran? A 2021 suka cika motocin safa suka nufi Dublin har sau biyu, a Yuni da Oktoba, dubban mutane, tsofaffi da yara, wasu ɗauke da gutsattsarin bulon gidajensu. Kalmarsu ɗaya ce, diyya ɗari bisa ɗari. A ƙarshen Nuwamban shekarar gwamnati ta sauko, ta ce za ta biya duka amma da iyaka, yuro 420,000 ga kowane gida, daga baya aka ɗaga zuwa 462,000. An kiyasta shirin zai ci sama da yuro biliyan biyu. Na san idan ka juya wannan kuɗi zuwa naira za ka ce ai sun gama da duniya. Amma ana lissafin ne bisa faɗin gidan, a kan farashin da masu gida ke cewa ba ya kamo na kasuwa, ga kuɗin haya yayin da ake rushewa, ga 'yan kwangila sun yi ƙaranci. Akwai iyalan da ke kwana a gidan tirela a tsakar filinsu, suna kallon gidansu ta taga. Fushin ya kai har suka kafa jam'iyyar siyasa a kan wannan magana ɗaya tak, ta ci kujeru huɗu a majalisar gundumar a Yunin 2024, sannan a Nuwamba ɗan takararta Charles Ward ya shiga majalisar ƙasa.

Kuma ka san wa ke biya? Talaka mai biyan haraji, sai kuma harajin kashi 5 cikin 100 da aka ɗora wa bulo da kankare tun Satumban 2023. Wato saurayin da ke fafutukar gina gidansa na farko yau shi ke biyan kuɗin ɓarnar da aka yi yana makarantar firamare. Wannan ɓangaren bai kwanta mini ba ko kaɗan.

Abin da ke ɗaure mini kai, Kawu, shi ne ƙasar nan ba wai ba ta da doka a kan gini ba ce. Doka har ta yi yawa. Kafin ka sa diga a filinka sai ka nemi izini, ka buga sanarwa a jarida, ka kafa wani ɗan allo a bakin titi mai bayanin abin da za ka gina. Ana ba jama'a mako biyar, duk wanda ya ga dama ya biya yuro 20 ya rubuta ƙorafi, ko da ba maƙwabcinka ba ne. Za a duba tsayin rufinka, da inda tagarka ke kallo, da yadda motarka za ta fito titi, da inda ruwan bayan gidanka zai tafi. A ƙauye ma sau da yawa sai ka nuna kana da tushe a yankin kafin a bar ka ka gina. Ƙananan ayyuka irin su ɗan ƙarin ɗaki a bayan gida ne kawai ake ɗaga maka ƙafa a kansu. A 2024 suka sake dokar tsara gine-ginen gaba ɗaya, kundi mai shafi kusan 900, har hukumar ɗaukaka ƙara suka sauya wa suna da fasali, wai don a rage jinkiri da yawan zuwa kotu. Duk gidajen nan da ke marmashewa sun bi ta ƙofar neman izinin nan. An auna tagarsu, an amince da launin rufinsu. Ba wanda ya ɗauki bulo ɗaya ya fasa ya ga abin da ke ciki.

Wani abin kuma, ma'aikatar da ke kula da gidaje ita ce dai ke kula da kayan tarihi da gandun daji na ƙasa. Idan aka sa gidanka cikin jerin gine-ginen tarihi, ko taga ba ka isa ka canza ba sai da izini. A nan kusa da mu akwai wata tsohuwar ganuwa zagayayya a kan tudu, Grianán na Aileach, duwatsu ne aka jera ba siminti ba laka. Baƙi kan tsaya su ce dubi ginin mutanen da, amma gaskiyar magana a shekarun 1870 wani likita ya sake tayar da yawancinta. Ko ma dai yaya, ana kula da ita, kuma duk lokacin da na je sai badalar Kano ta faɗo mini a rai, yadda muke kallo ana cinye ta kaɗan-kaɗan.

Gandun dajin ƙasa guda takwas ne yanzu, biyu daga ciki sababbi ne, na kwarin Boyne a 2023 da na teku a Kerry a 2024. Namu na nan shi ne Glenveagh, kuma shiga kyauta ne. Tafki ne dogo tsakanin duwatsu, da jajayen bareyi, da gaggafar da aka sake kawowa daga Scotland a 2001 bayan ta ƙare a ƙasar. Ma'aikata na fama da wata itaciya mai fure da masu wurin na da suka shuka don ado, yanzu ta zama annoba tana shaƙe duk abin da ke ƙarƙashinta. A bakin tafkin akwai wani katafaren gidan dutse da John George Adair ya gina a farkon shekarun 1870. Shi wannan mutumin, a Afrilun 1861, ya kori mutum 244 daga gidajensu a Derryveagh da ke gefen wurin, aka rushe gidajen don kada su dawo, da yawansu suka ƙare a Ostireliya. Shirun da masu yawon buɗe ido ke yabawa a wurin, wani ɓangarensa daga nan ya samo asali. Mutanen Donegal ba su manta ba. Idan ka ji yadda suke maganar rufin kansu, da zafin da suke yi idan aka taɓa shi, sai ka san tsohon miki ne aka fama.

Ni ban ga laifin a kashe kuɗi a kan barewa da tsohon dutse ba, kuma masu cewa a kwashe kuɗin gandun daji a ba masu gidaje ba su yi lissafi ba, don ko an kwashe ba zai je ko'ina ba. Ƙorafina shi ne hukumar da ta iya ƙirga gaggafa ɗaya-ɗaya ta bar masana'antar bulo tana ba kanta shaida.

Wannan ya kawo ni kan maganar ginina da ke hannunka. Na ji ka ce an kai linta, Allah ya saka da alheri. Don Allah Kawu, sauran bulon kada a saya a bakin titi don araha. A buga shi a filin, a gabanka, da yashin da kai ka zaɓa, kuma buhu ɗaya kada ya wuce adadin da ka san ya dace, ko da kuɗin zai ƙaru. A ba shi ruwa yadda ya kamata kafin a ɗora. Zan turo ƙarin kuɗin siminti ƙarshen wata ta hannun Yaya, in Allah ya yarda.

Ka gaishe mini da mutanen gida da 'yan majalisa, musamman mai cewa ginin Turawa ba ya tsagewa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Ɗanka