Rubutun gefe: layukan da kwamfuta ba ta karantawa

Mai karatu, a wannan watan ba zan yi sharhin wani fim ba, sai ka yi mani afuwa. So na ke mu leƙa aikin wasu marubuta da ba a baje kolin rubutun su a kasuwa, wato masu rubuta manhajar kwamfuta. Kafin ka ce ina ruwan biri da gada, ka ɗan daure, domin maganar za ta biyo ta ƙofar gidan 'yan fim.

Manhaja dai, ko ta cikin wayar ka ko wadda edita ke tace fim da ita, jerin umurni ce da wani mutum ya zauna ya rubuta layi bayan layi. To amma a cikin layukan nan akwai waɗanda ba don na'ura aka yi su ba. Mai rubutun ya kan sa wata alama a farkon layi, kamar # a yaren Python ko // a yaren Java, sai kwamfuta ta tsallake duk abin da ya biyo baya. Saƙo ne zuwa ga mutumin da zai buɗe aikin gobe. Tun mu na karatun difloma na ke kiran sa rubutun gefe, saboda ya na tuna mani da littattafan zaure, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, inda ɗalibi ke rubuta ma'anar kalma da ajami a tsakanin layuka ko a gefen takarda. Matanin iri ɗaya ne da na kowa. Gefen ne ke gaya maka inda mai littafin ya sha wuya.

Ɗauki manhajar da ta sauke kumbon Apollo 11 a duniyar wata cikin Yulin 1969. A jami'ar MIT ta Amurka aka rubuta ta, kuma wata mata mai suna Margaret Hamilton na cikin jagororin aikin. A 2016 aka ɗora rubutun a dandalin GitHub, jama'a su ka yi caa a kan sa. Me aka gani? A sashen da ke lissafin sauka, wani ya rubuta a gefen layi cewa wannan na wucin gadi ne, ya ƙara da cewa ya na fata, har sau uku. Da wannan na wucin gadin aka je wata aka dawo! A wani wurin kuma, bayan manhajar ta roƙi ɗan sama-jannati ya juya eriyar na'urar auna nisa, sai aka rubuta cewa a duba a gani ko ƙarya ya ke yi. Wasa ne, amma dubi abin da ke ƙarƙashin wasan: ba su yarda da "na yi" ba sai na'ura ta tabbatar.

Akwai kuma shahararren layin nan na manhajar Unix ta 1975, wanda ke cewa ba a sa ran za ka fahimci wannan. Shekara da shekaru ana ɗaukar sa a matsayin girman kai. Daga baya Dennis Ritchie, ɗaya daga cikin mutum biyun da su ka ƙirƙiri Unix, ya bayyana cewa nufin su kamar malami ne ya ce wannan ba zai fito a jarrabawa ba, kuma su kan su ba su gama gane abin da ke faruwa a wurin ba.

Amma wanda ya fi tsaya mani a rai ba daga Amurka ya zo ba. Daga nan Kumbotso zuwa Kura ba wata tafiya ba ce, kuma ka san yankin: ruwan dam ɗin Tiga ya na bin kanal ta Bunkure da Kadawa, ga shinkafa ga alkama ga tumatir, rani da damina. Wani abokin karatu na ya rubuta wa wata ƙungiyar manoma da masu casar shinkafa 'yar ƙaramar manhaja ta lissafin bashin taki da buhunan da aka kawo. Da ya samu aiki a Legas sai su ka nemi wanda zai ƙara masu wani shafi, aka ce a kira ni. Na buɗe, sai na tarar rabin rubutun gefen da Hausa ya yi shi.

A wani wuri ya rubuta: "Kada ka maida buhun shanshera kilo. Da kwano su ke lissafi, kuma cikar buhun wani ba ta wani ba ce." A wani wurin: "Ba a bin manomi bashi wata-wata. Sai ya yi girbi. In ka sa ranar ƙarshe, kowa zai fito ja." Sai kuma wanda ya sa na yi dariya ni kaɗai: "Wannan na Baba ma'aji ne, ya ce sai ya ga jimla a ƙasan kowane shafi ko da shafin babu komai. Ka bar masa."

Ka ga, ban tambayi kowa ba, amma na san yaron nan ya zauna a kan tabarma da mutanen, ya ji yadda su ke ƙirga, ya yi gardama da dattijo kuma ya haƙura. Babu layi ɗaya a cikin waɗannan da ke faɗin abin da manhajar ke yi. Wannan ai a fili ya ke ga mai iya karatu. Dalili su ke faɗi. Da babu su, duk wani ɗan boko mai rawar kai zai zo ya "gyara" lissafin ya koma kilo, a wayi gari an ci haƙƙin wani manomi ba tare da kowa ya yi niyya ba. Na sha ganin kishiyar wannan a furojet ɗin ɗalibai: mutum ya tara lamba biyu, sannan ya rubuta a gefe wai a nan ana tara lamba biyu. Wannan don malami ya ga shafi ya cika ne. Mafi muni shi ne rubutun gefen da ya tsufa: an canza umurnin, an bar bayanin ya na ta faɗin tsohon zance, ya ɓatar da na baya.

To, ina 'yan fim su ka shigo? Ai mu ma mu na da namu rubutun gefen, shi ne littafin mai kwantiniti. Ɗan kallo ba zai taɓa ganin sa ba, kamar yadda kwamfuta ba ta ganin wancan. A ciki ake rubuta cewa gyalen jaruma shuɗi ne, kofin ya na hannun hagu, ɗauka ta uku darakta ya zaɓa. Duk ranar da ka ga jarumi ya shiga ɗaki da hula zanna ya fito da dara, ba sai an gaya maka yadda aka riƙe littafin nan a lokeshin ba. Ni mai sharhi daga sakamakon na ke gane aikin, amma na san a takarda aka fara faɗuwa.

A zamanin da fim ke ƙarewa a kaset ɗaya ko biyu, darakta na iya riƙe komai a ka. Yanzu kuwa, tun da Arewa24 da YouTube su ka buɗe ƙofar masu dogon zango irin su 'Daɗin Kowa' da 'Labarina' da 'Izzar So', shiri ɗaya na iya shafe shekaru ana yi, marubuci ya tafi wani ya zo, edita ya canza, har jaruma ma a sauya. Wanda ya gaji aikin ya na buƙatar fiye da kalar gyale. Ya na buƙatar wani ya bar masa rubutu cewa wannan yarinyar ba ta kallon mahaifin ta ido da ido saboda kaza, kada ka sa ta yi masa tsawa don kawai sin ɗin ya yi zafi. Sau da yawa idan na ga halin wani ɗan wasa ya juye a tsakiyar shiri babu gaira babu dalili, abin da na ke zargi ke nan: babu wanda ya rubuta wa na baya dalilin.

Na taɓa roƙon wani furodusa ya ba ni aron littafin kwantinitin wani tsohon fim ɗin sa, don in buga shafi ɗaya a wannan fili masu karatu su gani. Ya dube ni kamar na tambaye shi ruwan wankan bara. Ya ce yaron da ya riƙe littafin ya koma sayar da kayan waya a Farm Centre, amma zai neme shi. An yi wata bakwai yanzu.