Ɗan Kamaru da Linzamin Jijiya

Bahaushe ya saba laƙaba wa haja sunan ƙasar da ta fito. Ta haka ne ɓawon itacen yohimbe, wanda ake jiƙawa a sha domin ƙarfin maza, ya sami sunan ɗan Kamaru. Sai dai mutumin Garwa da zai fita neman bishiyar a gaɓar Binuwai zai dawo hannu rabbana, domin ba ta tsira sai a kurmin kudu mai yawan ruwan sama. Fatauci ne ya kawo ɓawon Arewa. A shekarar 1896, lokacin da Kamaru ke hannun Jamus, masanin sinadarai Leopold Spiegel ya tace sinadarin yohimbin daga cikinsa.

Ba a gane yadda yake aiki ba sai bayan shekaru masu yawa. A 1946 Ulf von Euler na ƙasar Suwidin ya tabbatar da cewa noradiranalin shi ne saƙon da wasu jijiyoyi ke fitarwa domin shirya jiki ga gudu ko faɗa. A 1948 kuma Raymond Ahlquist na Amurka ya kasa makarɓan wannan saƙo, wato ƙofofin da ke amsa shi a jikin ƙwayoyin halitta, gida biyu: alfa da beta. Daga baya aka ƙara rarraba su. Beta-1 yana sa zuciya sauri, alfa-1 yana tsuke hanyoyin jini. Alfa-2 kuwa, da yawansa a bakin jijiyar kanta yake zaune; idan saƙon ya yi yawa, sai ya umarce ta da ta sassauta.

Duk wanda ya taɓa kallon dawakin Lamiɗon Garwa a ranar hawa ya san darajar linzami. Alfa-2 linzami ne, kuma shi yohimbin ke toshewa. Da zarar an toshe shi, sai noradiranalin ya yi ta kwarara: zuciya ta yi ta bugawa, jini ya hau, gumi da fargaba su biyo baya.

A nan haɗarin yake. Ɓawon da aka auna da hannu ba a san yawan sinadarin da ke cikinsa ba. Magidancin da ke fama da hawan jini ko ciwon zuciya, wanda kunya ta hana shi gaya wa likita damuwarsa, shi ne ya fi kusa da cutuwa. Gara ya daure ya faɗa kafin ya kai ƙoƙon baki.